Shirun Aubrey Tolland

Duk wanda ya rubuta tarihin wasan kwaikwayon nan mai shekara ɗari huɗu sai ya durƙusa wa shirun Aubrey Tolland. A birnin Leeds, cikin 1968, yana fitowa a matsayin sarki, ya kai inda sarkin zai yanke wa ƙaninsa hukunci, sai ya yi tsit na daƙiƙa goma sha biyu. Masana suka ce hikima ce. Ni ma haka na rubuta a babi na bakwai na littafin da nake shirin kai wa maɗaba'a, ina cizon yatsa.

Matata Enid ce mai riƙe da littafi a wasan. Tana zaune a lungun dandamali, in ɗan wasa ya manta maganarsa ta raɗa masa. Mai wannan aiki dole ya san numfashin mutum, ya bambance shirun ganganci da na mantuwa. Sau ɗari biyu tana sauraron numfashin Tolland. Ni kuwa a shekara talatin da ɗaya na aure ba ta taɓa bari na ƙarasa magana ba.

Bayan rasuwarta na tsinci littafin wasan a akwatin zarenta. A gefen wurin da Tolland ya yi shirun ta rubuta da fensir: "Ya manta. Ban taimake shi ba."

Rabona da jin daɗi irin wannan tun kafin jana'iza. Na ɗauki littafin na tafi gidan tsofaffin da Tolland yake, na same shi yana tsoma biskit a shayi.

Ya ce, "A'a, mijin Enid! Har yanzu kana rubuta littattafan da ba mai karantawa?"

"Kai ma har yanzu kana raye, ba mai tafa maka?"

Na buɗe masa shafin. "Ga hikimar taka, ranka ya daɗe. Mantuwa ce. Kuma zan buga."

Ya daɗe yana kallon rubutun, yana shafa shi da yatsa kamar nasa ne.

"Buga mana, Farfesa. Amma ka buga duka. Ban taɓa manta magana ba sai ranar. Na juya ne na ga ta ɗago kai tana kallona. Ita ma da ta iya magana ai da ta raɗa mini."

Na karɓe littafin matata.

Babi na bakwai ya fita yadda yake. Na ma ƙara sakin layi guda ina yabon zurfin tunanin Tolland, masu sharhi suka ce nan ne alƙalamina ya fi nuna karamci.