Ƙarin Sawu

Ita ce ta matsa wa mahaifinta ya shiga tsarin fansho na masu aikin kansu. Direban bas ne, ya doshi sittin, gwiwa ta fara yi masa gardama, kuma bai ajiye komai ba sai tsohuwar motar. Ya yi ta zillewa, daga baya ya yarda. Don kada a taɓa kuɗin cefane, sai ya ƙara sawu ɗaya da yamma, abin da ya samu ya zuba a asusun fanshon.

Aikinta a ofishin kiyaye haɗurra ne, sashen da ke hasashen rayukan da hanya za ta ci baɗi. Ta saba da lambobin, ba sa hana ta cin abinci. Amma rannan da sakamakon ya fito a kwamfuta, hanyar da mahaifinta ke bi ce a saman jerin. Mafi muni kuma bayan la'asar, lokacin da direba ya gaji, rana na dukan gilashi. Ta sake lissafin ko ta yi kuskure. Bai canza ba.

Ta same shi a tasha yana duba taya. Ta yi masa bayani a hankali, ta roƙe shi ya bar sawun yamma. Abokinsa Dogo, shi ma direba, da ke lodi a gefe, ya ce ta duba masa ko sunansa ya fito, ya ci bashi kafin lokacin. Aka yi dariya, ban da mahaifin.

"Ke kika ce in yi wa tsufa tanadi," ya ce. "Yanzu kuma kin zo ki ce ba zan kai ba?"

Ta ce hasashe ba ya kiran sunan kowa. Ya ce to ta bar shi ya yi aikinsa.

Ana tsakiyar damina, wata rana da yamma, Dogo ya yi karo da tirela a kwanar gada, da fasinja cike. Mahaifinta na bayansa, yana cikin waɗanda suka ciro mutane. Ya dawo gida da jini a hannun riga. Washegari ya bar sawun yamma, ya kuma daina zubin.

Sai ta ci gaba da zuba masa daga albashinta a ɓoye, ta manta saƙon zubin na shiga wayarsa. Ya kira ta ɗaki, ya ce bai mutu ba tukuna da 'yarsa za ta riƙa tara masa. Ta ba shi haƙuri, amma ta ce ba za ta daina ba.

Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su. Mahaifiyarta ta ce ta ƙyale shi, zai huce. Har yanzu da safe yana bin kwanar gada, ita kuma an ba ta rahoton gyaran wurin ta rubuta, an ce sai dai a jira kasafin wata shekarar.