Shafi Biyu

Mai fenti ya kusa talatin, amma kurajen fuska sun ƙi sakinsa. Saboda su ne ya shekara cur yana sayayya a shagon wata budurwa mai sayar da fenti, bai taɓa ce mata komai ba sai "galan biyu, fari". Sonta yake kamar ransa, sai dai ya rantse ba zai buɗe baki ba sai fuska ta yi sumul.

Yayarsa ce ta gaji, ta tasa ƙeyarsa zuwa wurin likitar fata.

"Ba ƙazanta ba ce," in ji likitar. "Sinadaran jiki ne da ake kira homon, su ke sa fata yawan maiƙo, ƙofofin gashi su toshe."

"Danshi daga cikin bango ke nan," in ji mai fenti.

"Kusan haka. Ga man bitamin A. Kamar ƙwayar wake za ka lakata, kafin ka kwanta. Ka kiyayi rana. Sai wata uku za ka ga aikinsa."

Ƙwayar wake? Wanda ya shekara goma yana shafe gidajen mutane ya san shafi ɗaya ha'inci ne. Ya yaɓa na farko, ya bari ya sha iska, ya ƙara na biyu, har da bin lungun hanci. Da gari ya waye kuma ya haye tsani, rana na dukansa.

Kwana biyar, fuska ta ɗau raɗaɗi, tana ɓarewa kamar tsohon fenti. Garin neman ƙiba an samo rama. Yayar ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar kuwa fenti ya ƙare masa ana tsaka da aiki. Ya ja hula har gira, ya shiga shagon, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Galan biyu, fari."

Budurwar ta leƙa ƙarƙashin hular. "Bitamin A ko? Shafi nawa ka yi?"

"Biyu."

"Ni da na yi nawa, ƙwayar wake ta ishe ni. Ka koma wurin likita. Wata nawa aka ɗibar maka?"

"Uku."

"Da wannan ɓarnar, a ce huɗu." Ta dire masa galan biyun a gabansa. "Malam, yayarka ta faɗa min rantsuwar da ka yi. Ni dai ba zan iya jiran wata huɗu ba. In da magana, faɗe ta haka nan."

Ya cire hular, ya dube ta.