Sassaƙen Baba Sun Bar Rothenau

Mahaifina Eberhard Krummholz masassaƙi ne, kuma duk wanda ya shiga cocin garinmu Rothenau a wancan zamani aikin hannunsa yake fara gani. Shi ya sassaƙa babban allon da ke bayan bagade: Yesu a teburin jibin ƙarshe, almajiransa kewaye da shi, kowa da irin fuskarsa. Da itacen wata bishiya da ake kira linde yake aiki saboda laushinsa, kuma ba ya shafa fenti. Kakin zuma kawai yake gogawa, sai itacen ya yi ja kamar ɓawon burodi. In hasken hantsi ya shigo ta taga, har jijiyoyin hannun almajiri Bitrus ana gani.

Mutum ne marar yawan magana. Innarmu takan tsokane shi cewa ya fi sanin gemun Bitrus a kan fuskar matarsa, shi kuwa ya ce ai Bitrus bai taɓa yi masa faɗa kan garin katako a cikin miya ba.

Na yi aure, ina da 'ya'ya biyu, lokacin da sabon mai wa'azi ya zo gari. Ya ce duk siffofin da ke coci gumaka ne, suna raba zukatan mutane da Allah. Mijina Sebald, maƙeri, yana cikin waɗanda suka fara karɓar wannan magana, kuma da zuciya ɗaya ya karɓa. Ba mugu ba ne. Shi ya ƙera rabin wuƙaƙen da Baba ke aiki da su. Amma da majalisar gari ta yanke cewa a fitar da siffofin a farfasa, sunansa na cikin masu aikin.

Na je gida ina kuka, na zaci zan tarar da Baba a fusace. Na same shi yana wasa gizago. Ya saurare ni har na gama, ya sa rigarsa ta Lahadi ya tafi gaban majalisa. Bai yi musu da su kan addini ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya sauke aikinsa da hannunsa, ya kai ƙauyen Marbrunn da ke bayan tsauni, inda mutane ba su bar tsohuwar hanya ba. Aka amince, bisa sharaɗin ya gama kafin Lahadi.

Labarin wannan izini bai kai ga su Sebald ba. Washegari da safe Sebald ya shigo coci da mutanensa, kowa da gatari. Ina tsaye ina riƙe da tsani, Baba na can sama, tsoho mai furfura, ya rungumi Bitrus yana ƙoƙarin ciro shi daga mazauninsa. Ya leƙo ƙasa ya ga surukinsa.

"Sebald, ka zo daidai. Ajiye wannan abin ka tallafo mini kansa, ya fi ƙarfina."

Sebald ya ce, "Baba, ka san abin da ya kawo ni."

"Na sani. Gunki ne a wurinka, to, ba na jayayya. Amma in ya faɗo, da ni zai faɗo."

Sebald ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya jingine gatarin a bango ya miƙa hannuwa. Ɗaya daga cikin mutanensa ya yi dariya, ya ce maƙeri ya koma mai raino. Sebald bai ko waiwaya ba. Kafin rana ta take, uku daga cikinsu suna taya mu naɗe almajirai cikin ciyawa da tsofaffin barguna.

Ba duka aka tsirar ba. Sauran mutanen Sebald sun fita da babban gicciyen da ke ƙofar yamma da siffar Maryamu, suka ƙone su a kasuwa. Maryamun nan ita ce aikin Baba na farko bayan ya gama koyon sana'a. Ya ga hayaƙin ta taga, ya cire hularsa na ɗan lokaci, ya mayar, ya ce a miƙo masa igiya.

A keken shanu muka kai su Marbrunn cikin taɓo, Sebald na tura ƙafar keken a kan hawa. Bai shiga cocinsu ba, a waje ya jira mu.

Daga nan babu wanda ya sake ba Baba aikin coci. Ya koma yin gadajen jarirai, cokula da ƙyauren ƙofa, kuma bai taɓa yin su da wasa ba. Matan gari har gardama suke kan wace ce za a fara yi wa. Kowace Lahadi shi da Sebald sukan zauna kan miyar kabeji da tsiran nama su yi ta muhawara kan Littafi Mai Tsarki, babu wanda ya taɓa juya ra'ayin wani. Baba ya rasu a farkon bazara yana tsakiyar sassaƙa kujera ga jikarsa. Sebald da abokansa na ƙira suka ɗauki makararsa, kujerar kuma tana nan a ɗakina da ƙafa uku, bai kai ga sassaƙa ta huɗun ba.