Fiyanon Hoto

A wurin rabon tallafi aka ɗora wa Munawwara fiyano a hannu. Sabo ne fil, ko ledar jikinsa ba a gama yagewa ba. Mai hoto ya ce ta karkato shi maɓallan su fito, ta kuma yi murmushi. Aka tafa, aka kira sunan Alhajin da ya kawo tallafin sau uku a lasifika, aka sa ta dangwala yatsa a takarda cewa ta karɓa.

Tana sauka daga kan dandamali, wani mai baƙin tabarau ya tare ta a bayan rumfa, ya ce ta kawo, da mota za a kai mata har gida. Ta so ta ce za ta iya ɗauka a ka, kunya ta hana ta. Tana nan tsaye ta ga an ɗora wa wani saurayi daga Fagam fiyanon nan, ana ce masa ya yi murmushi.

*

Shekara guda ke nan tana koyon kiɗa a shagon Malam Badaru, mai naɗar waƙoƙin biki a Birnin Kudu. Takan share masa shago da safe, shi kuma ya bar ta ta taɓa fiyanonsa na rabin awa. Hajiya Turai ta Gwaram ta ji labarinta. Za ta aurar da 'yarta, ba ta son namiji ya shigo wurin kamu, ta ce in Munawwara ta iya kiɗan waƙa uku za ta yi mata hayar fiyano ranar. Munawwara ta iya biyu. Saura kwana tara.

Motar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne ƙaton hotonta, an kafa a bakin tasha, tana rungume da fiyano, tana murmushi.

Da ta je shago, Malam Badaru bai ko miƙa mata tsintsiya ba.

“Kin samu naki kin ɓoye, sannan ki zo ki ƙarar mini da man janareta? Hajiya mai fiyano, a sauka lafiya.”

“Malam, wallahi karɓewa suka yi.”

“To hoton nan ni na zana shi?”

Ta je wurin wata malamar makaranta da ke da ɗan ƙaramin fiyano na yara, ta roƙi aro. Malamar ta ce an gaya mata 'yan tallafi sayar da kayan suke yi washegari, ita kam ba ta son rigima. A gida ma, yayanta Jafaru ya ce in ta sayar ne ta faɗa, shi ba zai nemi ko sisi ba. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Mahaifiyarta Dada ce ta yafa mayafi ta nufi ofishin Alhajin. Ta wuni a kan benci. Da la'asar wani ya fito da takarda, ya nuna mata dangwalen, ya tambaye ta ko yatsan 'yarta ne. Ta ce nata ne. Ya ce to me kuma ya rage.

“Allah ya isa,” in ji Dada. Ta faɗa da ƙarfi, har masu jira suka sunkuyar da kai.

*

Ranar Alhamis Hajiya Turai ta sa aka kai Munawwara wurin mai hayar fiyano don ta ji. Waƙa biyu suka fita lafiya. A ta uku yatsunta suka harɗe, ta sake, suka sake harɗewa. Hajiya ta ce ba komai, wani karon. Ta ɗauko namiji daga Dutse, zai yi kiɗan daga bayan katanga.

Iskar hadari ta tuge hoton a makon da ya biyo. Jafaru ya tsinto ledar hoton ya kawo gida, Dada ta shimfiɗa ta a tsakar gida ta shanya kuɓewa a kai.

Munawwara ta fito ta daɗe tana kallon murmushinta a ƙarƙashin kuɓewar. Sai ta durƙusa, ta ture shanyar gefe, ta share ƙurar da bakin zaninta har farare da baƙaƙen maɓallan suka fito. Ta ɗora yatsunta kusa da yatsunta na hoto, ta fara waƙa ta uku daga farko. Dada na bakin murhu tana kallonta, ba ta ce ta mayar da kuɓewar ba.