Mai Tsatsar Za Mu Ɗauka

Ticha ya zagaya farar motar karo na huɗu, yana ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Bai san abin da yake saurare ba. Ya dai ga masu sayen mota suna yi.

Motoci biyu dillalin ya ware musu, duk ƙananan bas na ɗaukar kaya, tsofaffi da aka shigo da su daga waje. Farar mai giyar hannu ce, ƙarƙashinta tas. Shuɗiyar otomatik ce, amma daga ƙasar ƙanƙara ta fito, inda ake barbaɗa gishiri a titi, tsatsa ta ci cikinta har ta fara leƙowa ta gefen taya. Duk mai hankali farar zai ɗauka.

Ticha shuɗiyar yake so.

Tun da ya yi ritaya daga koyarwa, shi da matarsa suka shirya kai ƙwai shaguna, ranar Litinin za su fara. Matsalar ita ce yayan matar, tsohon direban babbar mota, da ta gayyato ya taya su zaɓe. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin neman aure, Ticha ya ce masa shi ma direba ne, babu giyar da bai sani ba. Gaskiyar magana a otomatik ɗin hedimasta ya koya, kuma nan iliminsa ya tsaya. Ƙaryar ta girma tare da 'ya'yansa, yanzu har ta isa aure.

"Giyar hannu ita ce mota," in ji Yaya, yana shafa farar. "Waccan keken ɗinki ce. Taka, ta tafi. Shiga ka ɗan zaga da mu, Ticha."

Dillali ya miƙo makulli. Ticha ya dube shi kamar an miƙo masa kunama.

"Tukuna, Yaya. Ni wannan tsaftar ce ba ta kwanta mini ba. Tsohuwar mota babu tsatsa ko ɗaya? Wani abu take ɓoyewa. Waccan kuwa ta fito da halinta fili."

"Baban yara," matarsa ta ce, "tsatsar kake yabo?"

"Gaskiyarta nake yabo."

Yaya ya dube shi ya daɗe. Sannan ya sa dillali ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin farar. "Zo mu leƙa abin da take ɓoyewa."

Suka shiga da baya, kowa na lallaɓa tumbinsa. Sai da Ticha ya saki numfashi gaba ɗaya kafin ya wuce bututun hayaƙin motar. Suka kwanta kafaɗa da kafaɗa, ba a ganin komai nasu sai takalma huɗu.

"Yaya," Ticha ya ce ƙasa-ƙasa, "akwai maganar da ta kwana biyu."

"Ba ka iya kuloci ba."

Ticha ya juyo da kai ya dubi Yaya.

"Ranar da aka haifi babbar 'yarka na ba ka makulli ka gyara mini fakin. Ka dawo ka ce wurin ya yi kyau a haka. A tsakiyar ƙofar asibiti."

"Amma ba ka taɓa cewa komai ba."

"Ina jin daɗin labaranka na hawan tudu. Ka fi direbobi iya ba da su."

"Kada ta ji, don Allah."

"Ba za ta ji daga bakina ba. Amma maganin tsatsa, irin nawa za a yi."

Suka fito suna kakkaɓe jiki. Yaya ya gyara murya, ya ce farar tana da wani ciwo a ciki wanda sai wanda ya shekara talatin a kan titi yake ganinsa. Dillali ya tambayi sunan ciwon. Yaya ya ce ba shi da suna tukuna.

Dillalin bai damu ba, tun bara yake neman mai raba shi da shuɗiyar. Ya ce akwai gareji a bayan layi, suna kankare tsatsar, su wanke, su fesa wani baƙin fenti mai kauri da ruwa ba ya ratsa shi. Kwana ɗaya an gama. Ticha ya yi sati biyu yana karanta wannan aikin a waya, har ya buɗe baki.

"Baƙin mai," in ji Yaya. "Wanda aka juye daga inji. A dama shi da giris, a shafe cikinta da tsintsiya."

"Yaya, ƙwai fa za mu ɗauka. Warin..."

"Ko mu sake duba farar?"

"Baƙin mai ya fi," in ji Ticha.

Shi ya riƙe tsintsiyar ma, domin Yaya ya ce bayansa ya riƙe. Rabin man ya shiga motar, rabi ya sauka a kan Ticha.

Da la'asar suka kama hanyar gida, gilasai a sauke, motar na ɗigar da baƙin layi a bayanta. Ticha na tuƙi cikin natsuwa, girarsa na ƙyalli. Yaya na gefensa yana barci. Matar na baya, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Na ji daɗi da kuka ɗauki wannan," ta ce. "Tun safe nake addu'a."

"Ai farar ciwo gare ta."

"Uhm. Ni dai tausayin ƙwan nake ji. Ƙafarka ta hagu ba ta san komai ba sai takalmi."

Ticha ya dube ta a madubi. "Tun yaushe?"

"Tun kafin aure. Ni na ce wa Yaya ya ƙyale ka."

Ticha ya sa sigina, ko da yake babu kwana a gabansu.