Dorinar da Ta Cinye Gonar Baba

Ina tsugune ƙarƙashin tebur ina haɗa waya Baba ya leƙo shagon, yana dogara sanda saboda ƙafarsa da ta gurɗe a bakin kogi.

"Uwata," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Zahra'u, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. "Saura kwana ashirin a yanke shinkafar gonata ta Tanda. Buhu talatin nake sa rai. Ɗakin nan nasu ne, ki nemi inda za ki kai wasanki."

Wasa wai. Shekara biyu na yi a Dosso ina karatun na'ura, na dawo Gaya ba aiki. Wani biro, wato ofis, na masu fiton kaya ya rufe, suka zubar da tsofaffin ordinatar, wato kwamfuta, guda biyar don sun yi nauyi kamar jakin da ya ƙoshi. Na kwaso su a amalanke zuwa ɗakin ajiyar Baba, na share musu ƙura, na sa musu Linuks, tsarin nan da ake ɗauka kyauta kuma cikinsa a buɗe yake, wanda ya iya ya gyara. Sai ga matattu sun tashi suna gudu. Na zuba musu wasanni, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, masu jiran a buɗe musu hanya da ɗaliban lise, wato sakandare, suka fara zuwa. Duk wannan a wurin Malam Alassan, ubana, sunansa wasa. Ko mabuɗin shagon bai taɓa bar mini ba. Kullum da safe sai na durƙusa na karɓa, da magariba in mayar, ya ɗaure shi a igiyar wandonsa.

Na ji haushi ƙwarai, amma ba a ja da Baba da baki. Na ce to, na koma ƙarƙashin tebur na ƙarasa haushina a can.

Ƙafar ta hana shi zuwa gona, don haka kujerarsa ta dawo ƙofar shagon. Ni kuwa in ba kowa sai in ɗauko 'yar na'urar wasa ta hannu da yayana Nazifi ya aiko mini daga Kotonu. 'Yar gwanjo ce, tsawonta kamar tafin hannu biyu a jere, da madannai hagu da dama, ita ma Linuks ne a cikinta. Akwai wani wasan noma a ciki da wasu mutane can ƙasashen sanyi suka rubuta suka saki kyauta. Ina cikin shuka karas na ji numfashi a bayan kunnena.

"Me kike yi haka?"

"Noma, Baba."

"Yaushe kika shuka wancan?"

"Shekaranjiya, a lissafin wasan."

"Har kina tonowa." Ya yi tsaki. "Ina ruwan sama? Ina tsuntsaye? Wanda ya yi wannan abin bai taɓa riƙe hauya ba. Maƙaryaci ne."

Da ma a cike nake. Na ce, "To ai sai ku gyara masa."

Ya dube ni kamar na yi masa rashin kunya, kuma gaskiya na ɗan yi. Sai na sassauta murya na bayyana masa cewa da gaske nake: dokokin wasan rubutattu ne a fili, masu shi sun yarda kowa ya canza. Na buɗe rubutun a babban ekaran, allon ordinatar, na nuna masa inda aka sa kwana uku. Ya matso da kujerarsa har gwiwarsa na taɓa tebur.

"Goge. Sa gero. Kwana tamanin, in damina ta yi kirki."

Daga nan ban ƙara samun hutu ba. Shi ke faɗa, ni ke rubutawa. Ya ce ruwan farko mayaudari ne, wanda ya shuka a kansa wani lokaci sai ya sake shuka, na sa. Ya ce ciyawar wuta-wuta na kama gonar da ta gaji, na sa. Ya sa dawa, ya sa shinkafa a fadama, ya sa kogi ya riƙa cika yana shiga gona in an yi sakaci da madatsa. Tsuntsaye kuwa sau uku yana sa ni ƙara su, wai janbaki ba ya zuwa da kunya. A rana ta huɗu ya ce saura dorina.

"Baba, ban iya zana dorina ba."

"Shekara biyu a Dosso?"

Na ɗauki saniyar da ke cikin wasan, na cire mata ƙaho, na kumbura ta, na shafa mata toka-toka. Abin da ya fito bai yi kama da komai da Allah ya halitta ba. Baba ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, sannan ya ce a bar ta haka, ai dorina ma ba kyau gare ta ba.

Na kwafe sabon wasan a ordinatar biyar ɗin. Ranar farko kowa ya sha kashi. Direbobin da ke taƙama da tseren mota suka shuka a ruwan farko, rana ta ƙone musu komai. Wani ya kai har gero ya fid da kai, ya tashi sayen shayi, kafin ya dawo tsuntsaye sun yi masa aski. Na ɗauka ba za su dawo ba. Washegari sai ga su tun hantsi, kowa na gaida Baba da ladabi yana tambayar yaushe ake noman farko. Shi kuwa yana zaune da na'urar hannu a cinya, yana danna madannai da manyan yatsunsa masu kanta, yana ba da amsa kamar alƙali.

Sai labari ya kai kunnen Kawu Jibo, abokin Baba tun suna samari, manomi daga ƙauyen Bana, wanda bai taɓa yarda Baba ya fi shi komai ba. Ya zo ranar kasuwa ya tsaya a ƙofa.

"Fofo, sannu, Alassan. An ce tsufa ya mai da kai yaro."

"Zauna ka shuka mu gani."

Ya zauna wai na minti biyar. La'asar ce ta tashe shi. Daga ranar suka ɗaura gasa: damina ɗaya, gona iri ɗaya, wanda ya fi buhu shi ne manomi. Damina a wasan, a hannun tsofaffin nan biyu, takan ci yini uku ko huɗu in ana tashi salla da cin abinci.

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini dabara. Kwanaki na tafiya, saura shida shinkafar gaske ta iso, kuma Baba bai ƙara ta da maganar shago ba. Na ce a raina, in ya ci Kawu Jibo zai ji daɗi, mai jin daɗi kuwa ba ya korar ɗiyarsa. Da ya shiga alwala na ɗauki na'urar hannun, na rage masa tsuntsaye da rabi, na ɗaure dorina kada ta fito. Aikin minti biyu ne.

Ya dawo ya ci gaba. Ina satar kallonsa. Geronsa ya yi kyau, shinkafarsa ta yi shar, amma fuskarsa sai ƙara ɗaurewa take yi. Washegari da azahar ya ajiye na'urar a tebur a hankali.

"Uwata, zo nan. Tsuntsayen nan yaushe suka yi makaranta?"

"Wace makaranta, Baba?"

"Ladabi suka koya. Su zo, su ci kaɗan, su tafi. Dorina kuma kogi ya cika har sau biyu ba ta leƙo ba. Ga gonar Jibo can an cinye masa gefe guda." Ya nuna ekaran ɗin Kawu da sanda. "Shekara arba'in ina noma, damina ba ta taɓa yi mini kara ba. Wa ya sa mini hannu a gona?"

Kawu Jibo ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya don kada komai ya wuce shi. Na so ƙasa ta tsage. Na ce ni ce, na kuma faɗi dalili, tunda ba sauran abin ɓoyewa: tsoron rasa shagon nake yi.

"Wato ki saye ni da buhun ƙarya," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Mayar da komai yadda yake. Shinkafa kuma tana nan zuwa ranar Asabar."

Na mayar, idona na zafi. Kuma don haushin kaina da nasa, ban tsaya a nan ba, na kwance wa dorina igiya gaba ɗaya. Ba a yi rabin awa ba ta fito daga kogi, ƙatuwar saniyata mara ƙaho, ta bi ta tsakiyar shinkafar Baba tana tafe tana ci, ta bar masa fili fetal. Baba ya ƙura wa ekaran ido, sai kafaɗunsa suka fara rawa, sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Jibo, zo ka gani. Haka ta yi mini a shekarar da aka haifi Nazifi, wallahi ta wannan kusurwar ta shigo."

Kawu Jibo ne ya ci gasar da buhu huɗu, kuma ya tabbata duk kasuwar Gaya ta ji.

Ranar Asabar tun da safe na karɓi mabuɗi na fara cire wayoyi. Ban yi kuka ba. Wajen hantsi amalanke uku suka tsaya a ƙofa, buhu talatin da biyu. Baba ya iso ba sanda, ya tarar na naɗe wayoyin ordinatar biyu.

"Wa ya ce ki cire?"

"Ku kuka ce ɗakin na shinkafa ne."

"Na ce. Ban kuma canza ba." Ya juya ga masu dako. "Ku fid da bencinan nan waje. Ku jera buhu bibbiyu a gaban kowane tebur, saura ku tara su jikin bango."

Kafin azahar shagon ya koma wani abu dabam: bango duk shinkafa har kusa da rufi, kowace ordinatar da kujerarta ta buhu. Baba ya zauna a kan ɗaya ya gwada, ya ce ta fi benci taushi. Ya ƙara da cewa ɓera ba ya son inda mutane ke hayaniya yini guda, don haka ribarsa ce, kada in ɗauka don ni ya yi. Kawu Jibo, da ya riga ya kama wuri, ya ce ƙarya yake, ramuwa yake nema. Baba bai musa ba, ya miƙo hannu na ba shi na'urarsa.

Da magariba ta yi na share, na kashe komai, na rufe, na same shi a zaure. Na durƙusa na miƙa mabuɗi kamar kullum. Ya dube shi, ya dubi igiyar wandonsa, bai karɓa ba.

"Riƙe abinki," in ji shi. "Mai aiki ba ya roƙon mabuɗin wurin aikinsa kowace safiya. Amma gobe ki buɗe da wuri, Uwata. Ruwan farko ya sauka a gonata, kuma ina so in ga ko Jibo zai yi wautar shuka."