Farin Dutsen Bayan Ƙyaure

A shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, Malama Saratu ta kama hayar ɗaki a unguwar Runjin Sambo, gidan wata tsohuwa, Inna Kulu. Tun tarewarta ciwon kai ya sa ta gaba. Ran nan tana shara ta tsinci kwalbar turaren wuta a bayan ƙyaure, da wani farin dutse mai sheƙi. Dutsen ya bi shara, turaren kuwa da la'asar ta barbaɗa a kasko. Ƙamshi ya gauraye ɗakin, kanta ya yi sakayau.

Sai ga Inna Kulu a guje, ko mayafi babu.

"Ɗiyata, mi kinka ƙona?"

Saratu ta nuna kwalbar. Tsohuwa ta karɓa ta duba.

"Wanga na marigayiya ƙanwata na, 'yar bori. Da shi take kiran mutanen ɓoye, da dutsen take sallamarsu. Ina dutsen?"

"Motar shara ta kwashe, Inna."

Tsohuwa ta ja da baya a hankali, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta shiga gaisuwa. Ba Saratu take kallo ba, bayanta take kallo.